Wasan tsakar gida ko lesin ɗin hutu?

Maman Biyu: Salam jama'a. Ni fa hutun zafin nan na ce ba lesin ba tab (wato babbar wayar nan ta kallo), bokiti da tsoffin kofuna da igiya na ba yarana na kora su tsakar gida, kuma ina nan a kan bakana wannan ya fi musu duk abin da zan biya kuɗi a koya musu. Jiya ƙaramar ta kusa awa ɗaya a tsugune tana bin layin tururuwa har bakin raminsu, ta dawo gwiwa duk ƙasa tana tambayata wai a ina suke kwana.

Baban Yara: Hajiya ki yi haƙuri amma ban yarda ba. Yaro ya kwashe makonni yana kwaɓa laka a koma makaranta ka tambaye shi bakwai sau takwas ya tsaya yana kallonka, tururuwa ce za ta rubuta masa jarrabawa?

Malam: Alhaji gaskiyarka suna mantuwa, amma minti 20 na karatu da safe ya isa ya riƙe musu. Abin da ya fi damuna a aji shi ne yaron da idan ba a ce masa yi kaza ba sai ya zauna kawai. Wanda ya saba wasan ɓuya da ƴan uwansa shi ke kafa doka, a yi rigima a shirya, a ci shi ya haƙura, wannan kuwa ba ni da allon da zan rubuta masa shi.

Anti Nas: Bari in sa baki ta ɓangaren lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi ɗan shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 kullum yana motsa jiki sosai, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada zaman kallon waya ko talabijin ya wuce masa awa ɗaya. Sai maganar ido da mutane ba su cika sani ba, hasken waje yana rage wa yaro haɗarin matsalar rashin ganin nesa, shi ya sa a Taiwan tun 2010 aka sa makarantu su riƙa fitar da yara minti 120 a rana kuma matsalar ta fara ja baya.

Baban Yara: To na ji ta ido. Amma a wannan ranar mai ƙuna? Ni nawa ya taɓa dawowa da jiri da ciwon kai wlh na tsorata ba kaɗan ba.

Anti Nas: Allah sarki, ai ba da tsakar rana ba Alhaji, da hantsi ko bayan rana ta yi sanyi, a inuwa, ruwan sha kusa da su. Ni bokitin nan ne ma ya tsaya min a rai Maman Biyu, ɗan rarrafe yana iya faɗawa da ka cikin ruwa ɗan kaɗan kuma ba za ki ji ko motsinsa ba, don Allah ana gamawa ki zubar ki kife shi.

Maman Biyu: In sha Allah, dama ina zaune bakin ƙofa ina kallonsu.

Baban Yara: Zan bar su su fita da yamma, amma lesin ɗin safe kam ba zan cire ba Malam, minti 20 ɗin nan ta yi min kaɗan.