Neman Kalma: Me Za Mu Kira "Sikwel" da Hausa?

Jama'a, akwai kalmar da nake so mu tsayar mata da Hausa, domin ta yi yawa a bakin masu kallon katun: sikwel, kalmar Turanci da ake kiran fim ɗin da ya biyo bayan wani. Da zarar an ji cewa wani fim ɗin almara da ya shiga ran mutane zai dawo, sai ka ji ana ta "yaushe sikwel ɗin zai fito?" Masu rubuta labaran fina-finai kuma kowa da kiɗan da yake takawa, wannan ya ce ci gaba, wancan ya ce kashi na biyu, wani ya ce zango. Ni shawarata mu ce mabiyi.

Amma mu fara sanin abin da muke raɗa wa suna. Ku ɗauki Ne Zha, katun ɗin ƙasar Sin da ya fito a 2019, labarin yaron da aka haifa da ƙarfin aljanu, duk gari na gudunsa. Fim ɗin ya kai ƙarshensa daram: tsawa ta faɗo daga sama, shi da abokinsa Ao Bing suka rasa gangar jikinsu, malaminsa ya killace rayukansu a cikin wani furen ruwa. Wanda ya tashi daga kallo a nan bai bin kowa bashin labari. Duk da haka masoyansa suka shafe sama da shekara biyar suna dako, har Ne Zha 2 ya fito ranar 29 ga Janairun 2025, ranar sabuwar shekarar Sinawa. Ya buɗe da ƙoƙarin sake gina wa yaran jiki, daga nan ya kama wata sabuwar rigima tasa ta kansa. Ya tara sama da dala biliyan 2, ya ture katun ɗin Inside Out 2 da ke kan gaba, ya zama katun ɗin da ya fi kowane samun kuɗi a tarihi. To wannan shi ne sikwel: na farko ya cika, na biyu ya taso daga gare shi da nasa labarin.

Shi ya sa "kashi na biyu" ba ta gamsar da ni ba. Kashi abu ɗaya ne aka kasa. Fim ɗin Spider-Man na katun da ya fito a 2023 ya fi cancantar ta, don tun asali da sunan kashi na ɗaya aka sanar da shi kafin a sauya masa suna, kuma ya tsaya ne a tsakiyar tashin hankali, ya bar mutane da baki buɗe. Jiran mai kashi na biyu jiran cikon magana ne, har da ɗan jin haushi a ciki. Jiran mai sikwel kuwa ɗoki ne haɗe da fargaba, kada a ɓata masa abin da ya riga ya so.

"Ci gaba" tana da nata aikin da ya yi mata yawa. In ka rubuta "ci gaban fim ya burge jama'a", rabin masu karatu za su ɗauka harkar fim ce ta bunƙasa.

Zango kuma mu bar wa fina-finai masu dogon zango kayansu. Moana 2 ma ya nuna bambancin, domin da farko shiri ne mai zuwa daki-daki aka tsara wa manhajar kallo ta Disney+, sai a farkon 2024 kamfanin Disney ya sanar cewa an mayar da shi fim na silima, ya fito a Nuwamban shekarar. Kuɗi dai ya samu, sama da dala biliyan 1, amma masu sharhi da dama sun ce ana ganin wuraren da aka harhaɗa shi. Da kalma ɗaya muke da ita ga abubuwan biyu, da ba mu iya faɗin wannan ƙorafin ba.

Da muke tattauna wannan batu, wani ɗan'uwa ya kawo "ɗori". Madalla da kai, Malam, kalmar tana da daɗin faɗi, kuma lallai ɗora labari ake yi. Inda ta ba ni matsala shi ne kunnen Bahaushe yana jin ɗori sai ya tuna karaya. Ban da haka, ɗori abu ne da aka liƙa a kan wani, ba ya tsayawa da ƙafarsa, alhali sikwel mai kyau yana tsayawa.

Mabiyi kuwa muna da ita tun fil azal. Wanda aka haifa bayanka kai tsaye shi ne mabiyinka. Uwa ɗaya uba ɗaya, akwai kama, amma shi ma mutum ne mai hali nasa, kuma duk inda ya shiga sai an auna shi da yayansa. Abin da masoya katun ke yi ke nan tun kafin fim ya fito. Ku tuna somin-taɓin Frozen na biyu da Disney ta saki a Fabrairun 2019. Ba magana ko ɗaya a cikinsa. Elsa, jarumar fim ɗin, ce tsaye a bakin teku cikin duhu, ta tuɓe takalmi, ta ɗaure gashi, ta sheƙa da gudu tana daskarar da ruwa ƙarƙashin ƙafarta, igiyar ruwa ta maka ta, ta tashi ta sake gwadawa. An kalle shi sama da sau miliyan 116 cikin awa 24. Muhawarar da ta biyo baya duk awo ce da Frozen na farko na 2013: me ya sa wannan ya yi duhu haka, ina barkwancin da muka saba, waƙoƙinsa za su kama ƙafar na farko kuwa? Yaran da suka kalli na farkon sun ƙara sama da shekara biyar a lokacin, suna so fim ɗin ya girma tare da su, kuma ba sa so ya zame musu baƙo. Ita kanta kalmar sikwel ta Turanci daga Latin ta samo asali, daga aikatau mai ma'anar bi, don haka ba mu yi nisa da tushenta ba.

Wata Malama ta yi gyara mai ƙarfi, ta ce ai yanzu mabiya su ne masu bin mutum a Facebook da TikTok, ga kuma mabiya addini, kada a rikice. Gaskiyarki, Malama, ranki ya daɗe. Sai dai ruɗanin a jam'i yake. Ba wanda zai ji "mabiyin Ne Zha ya fito a 2025" ya zaci mutum ake nufi. In jam'i ake so sai a cika magana, a ce "fina-finai mabiya". Haka nan in na uku ne, a ce mabiyi na biyu, ko a kira shi da lambarsa kawai, kamar Frozen na uku da Disney ta sa wa 2027.

Abu ɗaya da nake roƙo, kada a shimfiɗa kalmar ta rufe abin da ba nata ba. Katun ɗin How to Train Your Dragon na 2014 mabiyin na 2010 ne. Wanda aka yi da 'yan wasa na zahiri a 2025 kuwa tsohon labarin ne aka sake, wannan sabon zubi ne. Wanda ya fito daga baya amma labarinsa ya koma kafin na farko shi ma ba mabiyi ba ne, kuma "magabaci" da wasu suka kawo masa tana nuna shi ya riga fitowa, alhali ba haka ba ne. Wannan sai mun sake zama a kansa.