Karena ya ciji yaron maƙwabci, kuma ana neman kuɗin lasisi a wajena

Mai tambaya, daga Garwa a Kamaru: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da karen gadi, ruwa biyu ne, uban na Turawa. Jiya da la'asar ya fice ta ƙarƙashin ƙofa ya ciji yaron maƙwabcina a sha-raɓa, har jini ya fita. Rabon karen da allurar rigakafi shekara biyu. Yau wani ya zo ya ce daga meri yake, wato ofishin ƙaramar hukuma, wai sai na biya tara da kuɗin lasisin "kare mai haɗari", amma babu takarda a hannunsa. Uban yaron kuma ya ce a kashe karen. Ta ina zan fara?

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam. Malam, ajiye zancen tara tukuna, yaron ne gaba. A wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur, a duba agogo, sannan a sa Betadine, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ciwo. Kada a zuba toka, barkono ko man birki, kada a ɗaure shi tamau. Yau ɗin nan a kai shi asibiti ko reshen cibiyar binciken cututtuka ta Centre Pasteur da ke Garwa a fara rigakafin haukan kare. Akwai tsarin allura biyu a ranar farko, ɗaya rana ta 7, ɗaya rana ta 21. Akwai kuma na rana ta 0, 3, 7, 14 da 28. Wanda likita ya ɗora shi a kai, a rubuta ranakun a bango, don wasu kan daina zuwa da zarar ciwo ya bushe. Idan haƙori ya shiga da zurfi, a tambayi likita batun maganin da ake tsirawa a bakin raunin, da allurar tetanus. Cutar nan in alamunta suka bayyana, sai dai haƙuri.

Likitan dabbobi: Alhaji, ka roƙi maƙwabcinka kada a taɓa karen. Ransa ne shaidar da za ta kwantar wa kowa da hankali. Ana sa karen da ya yi cizo a ƙarƙashin lura kwana 15, likitan dabbobi ya gan shi sau uku: ranar farko, rana ta 7, rana ta 15, kowane zuwa da takardar shaida mai hatimi. Dalili shi ne kare ba ya zuba ƙwayar cutar a yawunsa sai ya kusa nuna alamu. In ya cika kwanakin yana ci yana sha, to ranar da ya yi cizon yawunsa ba ya ɗauke da ita. In kuka kashe shi kuka jefar a kwari, kun binne amsar.

Ka je ofishin ma'aikatar kiwo, wato MINEPIA, mafi kusa da kai ka ba da rahoto. A kulle karen shi kaɗai, mutum ɗaya babba ya riƙa tura masa abinci da ruwa. Abin lura: dalalar yawu, canjin muryar haushi, cizon sarƙa ko itace, muƙamuƙin ƙasa ya saki, ƙafafun baya su mutu. In ya mutu cikin kwanakin, kada kowa ya yanke kan da kansa, a kira likita ya ɗauka a sanyi a kai gwaji. Kada kuma ka ruga a yi masa allura yau don katin ya yi kyau. Sai an gama lura ake yi, kuma kwanan watan zai tona ka. Shi kuwa yaro ba ya jiran kwana 15 ɗin, nasa ya fara yau.

Tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma: Ɗan'uwa, kuɗin hukuma ba a karɓarsa a zaure. Kowane haraji na meri majalisar gari ce ke zama ta yanke adadinsa a rubuce, ana biya a wajen mai karɓar kuɗi na meri, a ba ka kitans, wato rasit, mai lamba da hatimi. Ka ce wa mutumin nan ya kawo takardar kira, ko kai ka je da ƙafarka. Garwa meri uku ne na yanki, ban da babbar merin birni, sai ka je wadda unguwarka ke ƙarƙashinta ka nemi a nuna maka takardar da ta sa kuɗin. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Wanda aka fi cin karo da shi shi ne kuɗin furiyar, wato wurin tsare dabbar da aka kama tana yawo. Kullum ake lissafa shi, kowace kwana da nata, shi ya sa jinkiri ke da tsada.

Zancen raba karnuka aji na ɗaya da na biyu kuma, irin su pitbul da rotwaila, dokar Faransa ce ta 1999, can ne mai irin wannan kare ke karɓar izini daga magajin gari. Mutane na karanta ta a intanet da Faransanci su ɗauka tamu ce.

Mai aikin shari'a, daga Marwa: Tara ƙaramar magana ce, Malam. Babbar ita ce sashe na 1385 na dokar farar hula: mai dabba ne ke ɗaukar ɓarnarta, ko tana hannunsa ko ta kuɓuce. "Ai ficewa ya yi" ba ta fid da kai. Idan rauni ya yi tsanani ko aka rasa rai ta sakaci, sashe na 289 na dokar laifuka ya tanadi ɗaurin wata 3 zuwa shekara 5, da tarar sefa 10,000 zuwa 500,000, ko ɗaya daga ciki.

Shawarata, kada ka jira a kira ka komisariya, wato ofishin 'yan sanda. Ka ɗauki kuɗin allura da magani da na mota, ka biya da hannunka a kantin magani, ka riƙe kowace takarda. Sannan ku zauna gaban jauro ko lawan, wato mai unguwa ko dagaci, da shaidu biyu, a rubuta abin da ka biya da wanda ya rage, kowa ya sa hannu. Sulhun baki yana da daɗi ranar da aka yi shi, bayan wata uku kowa da abin da yake tunawa.

Mai kiwon karnukan gadi: In an wuce wannan, gyara gida. Zuba kankare a ƙarƙashin ƙofar, kare na tona ƙasa. Kada ka ɗaure shi a guntuwar sarƙa dare da rana, hakan ne ke ƙara masa mugunta. Ja waya mai kauri tsakanin turaku biyu, ka sa zobe sarƙar ta riƙa zamewa, a inuwa, da ruwa kusa. In za ka fita da shi, takunkumi mai kamar kwando za ka saya. Na ƙyalle yana rufe baki ruf, kare kuwa da haki yake shan iska, a zafin Garwa na watan Afrilu sai ya faɗi.

Likitan dabbobi: Ƙari kaɗan. Allurar farko ta kare daga wata uku da haihuwa ne, sannan a sabunta duk shekara, a manna tambarin kwalbar a katin tare da hatimi. Ka sa ido wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, lokacin aka fi yin gangamin allura. A Injamena, da aka yi wa sama da kashi 70 cikin ɗari na karnukan gari allura a 2012 da 2013, cutar ta yi ƙasa ƙwarai.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Mun kai yaron an yi masa biyun farko. Gobe da safe likita zai zo ganin karen.