Joshua da Fury: in aka haɗa su, salon wa zai danne na wani?

Ɗan Argungu:
Assalamu alaikum jama'a. Gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a gidajen kallo na nan Argungu na kawo muku. In aka haɗa Anthony Joshua da Tyson Fury, turmi 12, wa zai yi galaba? Kada a ce mini Joshua don tsatsonsa na Shagamu ne, salon dambe nake tambaya. Masu goyon Joshua da wasannin da kowannensu ya yi da Francis Ngannou suke kafa hujja: Ngannou ya kai Fury ƙasa a turmi na 3 a Oktoban 2023, Fury ya sha da ƙyar da maki, shi kuwa Joshua a turmi na 2 ya gama da shi a Maris ɗin 2024. Wannan hujjar ta isa?

Koci, Birnin Kebbi:
Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ba ta isa ba. Fury ya shiga wancan wasan da raini, Joshua kuwa ya shiga bayan ya ga abin da rainin ya jawo.

Mu fara da jiki. Tsawon Fury santimita 206, hannuwansa in ya ware su 216. Joshua 198 da 208. Joshua ya saba shi ne dogo a fili, shi ke ajiye mutum a bakin hannunsa na hagu sannan ya sako dama. A nan shi zai koma mai neman hanyar shiga, kuma duk takun da zai yi gaba sai ya ratsa hagun Fury. Hagun nan ba ƙarfi ne matsalarsa ba, yaudara ce. Zai motsa kafaɗa kamar zai jefa, bai jefa ba, ka ɗaga garkuwa, ka sauke, ka sake ɗagawa. Da haka ya daskarar da Klitschko a 2015 a Jamus, har turmi 12 suka ƙare Klitschko bai sami damar sakin hannunsa na dama yadda ya saba ba. Joshua mutum ne mai son ya kafa ƙafa tukuna kafin ya yi naushi, mai yaudarar kafaɗa kuwa ba ya barin ka kafa ƙafa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne runguma. Tun da Fury ya koma hannun koci SugarHill Steward ya daina rawa a gefen igiya. A wasansa na biyu da Wilder a 2020 ya hau sikeli da kilo wajen 124. Sai ya jefa biyu, ya rungume, ya ɗora ƙirji da hannu a bayan wuyan mutum, ya sakar masa nauyin nan duka. Ƙafafu da gadon baya ke ɗaukar kayan. A yi maka haka sau biyar ko shida a kowane turmi na minti uku, hutun minti ɗaya ba zai dawo maka da ƙafa ba. Joshua kuwa jiki ne mai murɗaɗɗen nama, irin wanda ke shan iska da yawa. Daga turmi na 7 zuwa sama ni Fury nake ba wa.

Malam Na-Gusau:
Koci, da girmanka, amma ka yi maganar Fury kamar ba a taɓa shi. Duba irin naushin da ke kai shi ƙasa. Cunningham, wanda daga ajin ƙasa ya hauro, da dama ta sama ya kayar da shi a turmi na 2 a 2013. Wilder ya kai shi ƙasa sau biyu a 2018, sau biyu kuma a turmi na 4 a 2021. Dalilin bai ɓuya ba: in ya jefa hagu, sau da yawa ta ƙasa yake dawo da hannun, wajen ƙugu, sai ya dogara ga jan kai baya. Mai saurin hannu zai bi hagun nan ya ɗora dama a kai kafin ta koma gida.

Wilder naushi ɗaya yake da shi, in ya same ka sai ya haukace da jifa barkatai. Joshua yana haɗa uku ko huɗu a tsare, kuma yana da naushin nan mai tasowa daga ƙasa ya daki haɓa, wanda ya girgiza Klitschko da shi a turmi na 11 a Wembley a 2017. Wanda ke sunkuyo da kai don ya rungume ka, ai shi ake yi wa wannan naushin. Ga kuma Wallin: ya fasa wa Fury gira a 2019 har sai da aka yi ɗinki 47, amma Joshua ya sa mutanen Wallin suka tsayar da wasa bayan turmi na 5 a 2023. Kada a manta koci Ben Davison, wanda ya tsaya a kusurwar Fury a wasan farko da Wilder, daga baya ya horar da Joshua. Ya san inda rigar ta yage.

Alhaji na Talatar Mafara:
Malam, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, sai dai ka tsaya a daidai inda matsalar Joshua take farawa. A namu damben na gargajiya gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, an gama. A nan kuwa ƙirga goma ake yi, kuma har yau ba wanda ya ƙirga wa Fury goma. Turmi na 12 na wasansa da Wilder a 2018 kowa ya ɗauka ya suma, ya miƙe ya ci gaba da bugu.

Joshua kuma lokacin da ya ji wa mutum ciwo shi ne lokacin da ya fi shiga haɗari. Ya kayar da Klitschko a turmi na 5, ya zazzage ƙarfinsa wajen neman gamawa, aka kayar da shi a na 6. Ya kayar da Ruiz a turmi na 3 a 2019, ya afka ba garkuwa, hagu ta same shi a gefen kai, ƙafarsa ba ta sake dawowa daidai ba har aka tsayar a na 7. Da Dubois a 2024 ma haka: ya girgiza shi a turmi na 5, ya kutsa zai taso da dama daga ƙasa, haɓa a buɗe, gajeriyar dama ta riga shi. Sau uku abu ɗaya, wannan ɗabi'a ce. In ya kai Fury ƙasa, abin da ya kamata shi ne ya karɓi makinsa na 10-8 da ake ba wanda ya kayar da abokin karawa a turmi, ya koma dukan ciki da haƙarƙari, ya bar kai sai turmi na gaba. Zuciyarsa ce ba na jin za ta bar shi.

Ɗan Argungu:
Na gode iyayena. To Usyk fa, tunda dukansu ya doke su sau biyu-biyu?

Koci, Birnin Kebbi:
Cire Usyk daga lissafin. Bahago ne, ya fi su gajarta da sauƙin jiki, ƙafarsa ta dama ce a gaba, kullum yana zagayawa ta wajen ƙafar hagun abokin karawa. Waɗannan biyun duka na-dama ne, kusurwar naushin ta bambanta gaba ɗaya.

Alhaji ya taɓo inda ya dace, amma a ƙara da alƙalin wasa. In mai saurin raba runguma ne, yana gargaɗi kan danna wuya, rabin makamin Fury ya tafi, maganar Malam Na-Gusau ta yi ƙarfi. In mai bari a yi aiki a cikin runguma ne, Joshua zai fara buɗe baki yana neman iska tun turmi na 6. Sai faɗin fili: mai ƙafa 20 zuwa sama yana ba Fury wurin zagayawa, ƙarami yana taimakon Joshua ya matse shi a igiya. Nauyin Joshua ma abin dubawa ne. Da kilo wajen 107 ya rama wa Ruiz a Saudiyya, yana motsi har turmi 12, alhali a wasan da ya sha kashi ya haura 112. In ya zo da jiki mara nauyi irin wancan, kuma alƙali mai tsauri ne, zan ba shi turmi shidan farko, in bar wa Fury sauran ya nema.