Neman shawara: tankin masai ba ya daina tsiyaya, ruwa kuma ya ƙi wucewa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min. Masan zama ne a ɗakina, wata biyu ke nan tankinsa yana tsiyaya dare da rana. Mu cika tankin sama da yamma, kafin asuba ya kusa ƙarewa. Yanzu kuma in an kora, ruwan sai ya taso har kusa da baki, ya yi ta ƙugi kafin ya sauka, ga wari. Mai gyaran famfo ya leƙa ya ce sai an sauya masan gaba ɗaya, maigida ya ce ba shi da wannan kuɗin yanzu. Ya zan yi?

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, kada ki yarda a ɓalle miki masai tukuna. Ɗaga murfin tankin ki zuba bula kaɗan, ki bar shi minti 20 ba kora. In kin ga shuɗi ya gangaro cikin kwanon, robar ƙasan tanki ce ta mutu. Sayen ta ake yi daban, amma ki kashe ruwan ki cire tsohuwar a tafi da ita shago, don ba iri ɗaya ba ne.

Wani mai aikin famfo:
Hajiya, ki duba ƙwallon da ke yawo a saman ruwan ma. Shi ne ke rufe ruwa in tanki ya cika. In na burtsatse kuke sha, yashi kan maƙale a bakin bawul ɗin ya hana shi rufewa. A kwance a wanke, a sauke ƙwallon ƙasa kaɗan yadda ruwa zai tsaya kamar yatsa biyu kafin bakin bututun da ke zubar da rara. Ni a ganina matsalarki ɗaya ce: ruwan wata biyun nan duk cikin sokawe ya tafi, ya cika shi, shi ya sa masan ke ƙugi. A sa a buɗe murfin sokawen a leƙa daga sama. Kada kowa ya shiga ciki, iskarsa tana kisa.

Anti:
Kina da ƙananan yara? Ni famfas aka zaro daga nawa, da kan buta. Ki fara gwada robar zuƙe masai mai sanda. Ban da tafasasshen ruwa, yana tsaga tangaran. Kuma kada ki haɗa Hypo da Harpic, tururinsu guba ne.

Mai tambaya:
Na gwada bular, ko minti 5 ba a yi ba ta fito. An buɗe sokawen, ya cika taf. Gobe masu kwashewa za su zo in sha Allah. Allah ya saka da alheri. Malam, robar zan iya sa ta da kaina?

Mai aikin famfo:
Ƙwarai, Hajiya. Ki dai rufe famfon da ke shigar da ruwa, ki kora tankin ya zama fanko kafin ki taɓa komai.