Yogan ajin motsa jiki: tsohon gado ne ko sabon abu?

Hajiya Bilki: Assalamu alaikum jama'a. Malamar da ke koya mana yoga a nan Abuja tana yawan cewa abin da muke yi gado ne na shekara dubu biyar. Ni ban yarda ba. Wannan jerin miƙe-miƙen da muke yi a kan tabarmar roba, kiɗa na tashi a lasifika, da ƙyar ya haura shekara ɗari.

Sani: Wa alaikumussalam. Haba Hajiya! Yoga Sutra, tsohon littafin yoga na malamin Indiya Patanjali, fa ya fi shekara 1,500 a duniya. Ina sabunta a nan?

Hajiya Bilki: Ai shi ne hujjata, Sani. Gajerun jimloli kusan 195 ne a ciki, uku kacal suka taɓo yanayin jiki, shi ma zama ake nufi, irin wanda mutum zai daɗe bai gaji ba. Sauran duk maganar tsare zuciya ce. Wani littafin yogan, Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15, yanayin jiki 15 kawai ya kawo. Salon da ya cika duniya yau, a tashi daga wannan a faɗa wancan tare da numfashi, yawancinsa daga hannun wani malamin yoga ɗan Indiya mai suna Krishnamacharya ya fito, lokacin da yake koyar da samari a fadar sarkin Maisur a shekarun 1930. Shahararrun malaman yoga Iyengar da Pattabhi Jois ɗalibansa ne. Ɗalibarsa Indra Devi ce ta buɗe aji a Hollywood a ƙarshen shekarun 1940.

Sani: To shi Krishnamacharyan daga sama ya faɗo? Malami ne da ya yi karatun Sanskirit da falsafar Hindu mai zurfi. Don ya ƙara wani abu ba shi ke nuna ya bar tushe ba.

Anti Maryam: Ni abin da ke damuna daban ne. An ce a bar hankali a kan numfashi, a zauna da lokacin da ake ciki. Amma ki duba ajin: madubi bango guda, kowa na satar kallon ta kusa da ita, wata ta jingina waya a gorar ruwa tana ɗaukar bidiyo. Ranar da na fi samun natsuwa, wuta aka ɗauke, kiɗan ya mutu, muka kwanta shiru minti biyar. Har bugun jini nake ji a tafin hannuna.

Hajiya Bilki: Wallahi kuwa, Anti. Wannan natsuwar ita ce ta yi kama da abin da Patanjali ya faɗa, kuma ita ake fara yankewa in lokaci ya ƙure. Ko salon koyar da ita a asibitocin Amurka, Jon Kabat-Zinn ne ya tsara shi a Jami'ar Masachuset a 1979, kuma ya fi ɗibowa daga addinin Buda.

Malam Ado: Ku yi haƙuri in tsoma baki. Tsoho ko sabo, akwai Surya Namaskar a ciki, wato gaisuwa ga rana, akwai kuma furta "Om", lafazi mai tsarki a addinin Hindu. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yogan da ke haɗe da irin waɗannan lafuzza. Mai neman halartowar zuciya, khushu'i a sallah da zikiri suna nan.

Sani: Allah gafarta Malam, ai kai ma ka goyi bayana ke nan. In babu tushen addini a ciki, me za a hana?

Anti Maryam: Malam, ni ciwon baya ya kai ni, likita ya ce in riƙa miƙa jiki. Ba na furta komai. Da aka zo gaisuwar rana na tambayi malamar, ta canja mini da wani motsin ba gardama.

Hajiya Bilki: Sani, ban ce babu tushe ba. Cewa na yi kada a sayar mana da aikin ƙarni na 20 da sunan shekara dubu biyar. Ranar Asabar zan roƙi malamar ta kashe kiɗan, ta daina yanke mana kwanciyar shirun da ake yi a ƙarshen aji. Anti, za ki mara mini baya?

Anti Maryam: In sha Allah. Ki faɗa mata tun kafin a fara.