Wai cikin kwamfuta muke? A amsa da baiti

Ɗan Kurmi:
Salam 'yan uwa, satin nan ni zan buɗe kuma amsa-amonmu "ya" ne, don Allah kar a kauce. Maganar wani malamin falsafa ce, Nick Bostrom, tun 2003 ya rubuta ta yana jami'ar Oxford amma har yau ana ja-in-ja a kanta kuma ni dai ta hana ni sakat.

Bostrom ya zana hanyoyi uku,
Ya ce dole ɗaya ta zama gaskiya.
Ko ɗan Adam ya halaka tun kafin
Ya ƙera injin kwaikwayon duniya,
Ko ya iya amma ya ƙi kunnawa,
Ya bar kakanni su huta can baya,
Ko ya kunna ta sau dubun dubata,
Kowacce da mutane masu zuciya.
In kwafi ya yi yawa, asali guda ne,
Ka ce kana cikin asalin? Da wuya.

Mai Gyaran Waya:
Yaya ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi, ga tawa

A 1972 gem ɗin Pong sanda biyu ce,
Da ɗan ɗigo a tsakani yana tafiya.
Yau gem ɗin ƙwallo har gumin ɗan wasa
Kana gani da idonka, ba ƙarya.
Elon Musk a 2016 ya ce
Damar asali cikin biliyoyi ɗaya.
Haske dubu 300 yake a daƙiƙa,
Kilomita, daga nan ba ƙarin tafiya.
Duk injin da na sani yana da iyaka,
Wa ya sa wa haske wannan iyaka, Yaya?

Malamar Asibiti:
Ƙannena kun yi ƙoƙari amma akwai inda kuka tsallake, shi kansa Bostrom sai da ya fara ɗauka cewa inji zai iya ji kamar yadda muke ji sannan lissafinsa ya tsaya, to wannan ɗin fa shi ne ba a tabbatar ba

Ka zana ruwan sama a cikin kwamfuta,
Allon ba zai jiƙe ba ko ɗaya.
Na riƙe hannun mace tana naƙuda,
Na ji yadda ƙashinta ke shan wuya.
Ku nuna min lambar da ke jin zafi,
Sannan mu zauna mu buɗe tambaya.

Ɗan Kurmi:
Anti Allah ya saka da alheri, baitinki ya taɓa ni wallahi, amma ki saurara

Allon bai jiƙe ba, na yarda Anti,
Amma na ciki fa, in yana da zuciya?
Shi ruwan nan zai jiƙa masa riga,
Sanyin da ya ji a wurinsa gaskiya.

Baba Malam:
'Ya'yana na karanta duka. Tambayar nan ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, a ƙasar Sin wani malamin falsafa Zhuangzi ya yi mafarkin ya zama malam-buɗe-littafi ya farka yana tambaya shi ne ya yi mafarkin ko shi ake mafarki, fiye da shekara 2000 kenan.

Suratul An'am aya ta 32,
Wasa da wargi ta kira rayuwar duniya.
Amma Ali Imrana ta koya mana cewa
Ba a banza aka yi ta ba, ku jiya.
In an ce wani ya kunna mu a inji,
To shi wa ya yi shi? Ku koma baya.
Injin kan inji, ku yi ta hawa sama,
Sai kun iso ga Wanda ba shi da na biyu, Ɗaya.

Ɗalibar Fiziks:
Baba a gafarce ni in sa baki. Mai Gyaran Waya iyakar gudun haske ba hujja ba ce, duniyar asali ma tana iya zuwa da dokarta. A 2012 masanin fiziks Silas Beane da abokan aikinsa 2 sun kawo shawarar a duba haskoki masu tsananin ƙarfi da ke faɗo mana daga sararin samaniya, wai in sarari saƙa ce ta lissafi za su fi zuwa ta wasu kusurwoyi

An duba sama ba a ga saƙar ba,
Mai inji kuma in akwai zai iya ɓuya.
Zancen da gwaji ba zai iya kayarwa ba,
A ajinmu ba ma ce masa kimiyya.
Yaya Ɗan Kurmi, kawo gwaji guda
Da zai raba mana asali da ƙarya.