Shirya gida kafin a kira masu saye: abin da muka gani

Magaji, daga Kano:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gida a Gyaɗi-Gyaɗi, kuma magada sun amince a sayar a raba kuɗin, tunda gidan ba zai rabu ba. Ginin bulo ne mai soro da ɗakuna a jere da rijiya a tsakar gida, kuma har yanzu mahaifiyarmu da ƙannenmu suna ciki. Wasu daga cikinmu suna ganin a yi fenti a sa tayil kafin a kira dillalai, wasu kuma suna cewa kuɗin da za a kashe ba zai dawo ba. Ina roƙon waɗanda suka taɓa sayar da gida ko suka saya su faɗa mana abin da suka gani.

Dillalin gidaje, Kano:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. A abin da na lura da shi, mai saye yakan yanke rabin hukuncinsa tun bai shiga soro ba, domin idan ya sauko daga mota ya tarar kwata ta toshe, ga shara a gindin katanga, ga ƙofa sai an sa mata kafaɗa kafin ta buɗe, to duk abin da zai gani a ciki da niyyar neman ragi zai kalle shi. Yashe kwata da gyaran ƙofa ba su da tsada, kuma su ne farkon abin da nake sa mai gida ya yi.

Idan an shiga ɗaki kuwa, sama mutane suke fara kallo. Tabon ruwa guda a jikin silin ya isa a ce muku sai an sake kwanon gidan gaba ɗaya. Daga nan sai ido ya sauko ƙasan bango, inda sanyi ke cin filasta har fenti ya yi ta ɓarewa, sannan a leƙa banɗaki a tambayi yaushe aka kwashe masai. Tayil kam ban ba ku shawara ba, Malam, saboda sau da yawa wanda ya saya yakan fasa shi ya sa wanda iyalinsa suke so. Kafin ma ku kashe ko sisi, ku fara sanin wa kuke jira: a unguwannin da fili ya yi daraja, akwai masu sayen tsohon gida don su rushe su yi bene ko shaguna, kuma irin waɗannan tsawo da faɗi da kusancin titi kawai suke tambaya.

Wata Hajiya, Kaduna:
Mu muna cikin gidan aka sayar, kuma abin da ya fi yi mana amfani shi ne rage kaya. Ɗakin da aka jibge akwatuna da katifu da kwanukan da ba a taɓawa sai da biki yakan zama ɗan ƙuƙut a idon baƙo, alhali da muka kwashe su zuwa gidan ƙanwata muka ɗage labule, ni kaina sai da na yi mamakin girmansa. Kaji da awakin da nake kiwo ma an kai su wani wuri, aka wanke inda suke kwana, domin wanda ya saba da warin ba ya jinsa, amma baƙo da shi zai fara cin karo. Turaren wuta kuma a yi shi daidai. Idan ya yi yawa, mutum zai ɗauka wani abu ake rufewa.

Ina jan hankalinka game da Hajiyarku, ɗan uwa. Ba ƙaramin abu ba ne mace tana zaune a ɗakinta a yi ta sallama da baƙin maza ana leƙa mata ko'ina. Mu mun tsayar wa dillali lokaci, bayan la'asar, kuma sai ya sanar tun da safe. Sannan ku sani cewa zuwa na biyu ya fi na farko nauyi, domin a lokacin ne ake zuwa da uwargida. Wadda ta sayi namu ba ta daɗe a falo ba. Kicin ta shiga ta duba inda hayaƙi ke fita, ta buɗe famfo, sannan ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga kai tana duba ko benen maƙwabta yana hango inda za ta yi shanya.

Wanda ya saya, Zariya:
Ni daga ɓangaren masu saye zan yi magana. Da rani na sayi gidan da nake ciki, an yi masa sabon fenti ciki da waje har da silin, gwanin sha'awa. Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi, sai da muka jera bokitai a ɗakin yara, kuma da kafinta ya hau sai ya tarar katakon wajen ya daɗe da ruɓewa, wato wanda ya sayar ya san da yoyon. Mun kai maganar gaban manya, ya biya wani ɓangare na gyaran, amma gaisuwar kirki ta ƙare a tsakaninmu. Gyara daban, rufe aibi daban. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya nuna wanda ya yi algus ba ya cikinmu, kuma a fiƙihun Malikiyya mai saye yana da damar mayar da abin da ya saya idan ya gano tsohon aibin da ba a bayyana masa ba. Tunda kuɗin gado ne da za su shiga hannun marayu da mahaifiyarku, abin da kuka kasa gyarawa ku nuna shi, a rage a farashi.

Ma'aikaci, Abuja:
Takardu ma ɓangare ne na shirin, kuma a nawa cinikin su suka fi fenti aiki. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta ɗora filayen jiha a hannun gwamna, shi ya sa gida mai takardar mallaka ta gwamnati sai da amincewarsa ake mayar da shi sunan wani. Mai saye mai hankali zai je ya bincika a hukumar da ke riƙe da bayanan filaye, wato KANGIS idan a Kano ne, ko KADGIS a Kaduna, ko AGIS a nan Abuja. Na haɗa kwafin komai a fayil guda tare da shaidar biyan kuɗin wuta, domin bashin da ke kan mita yana iya tsayar da ciniki. A naku, ku ƙara da shaidar cewa dukkan magada sun yarda, saboda ba abin da ke korar mai kuɗi kamar jin cewa akwai ɗan uwan da bai sa hannu ba. Hotunan da dillali zai tura ta WhatsApp kuma a ɗauke su da hantsi bayan an share, ba shanya a kan igiya.

Magini, Kano:
Idan kun tsayar da shawarar gyara, Malam, to daga sama ake farawa: a toshe yoyon kwano, a gyara indararo yadda ruwa ba zai riƙa zuba a gindin bango ba, sannan a kankare filastar da sanyi ya ci a yi sabuwa. A bar ta ta bushe sosai kafin fenti, in ba haka ba zai kumbura tun ba a yi ciniki ba. Rijiyar kuma a yashe ta a yi mata murfi mai kyau, domin a Kano mai saye zai tambaya ko tana ƙafewa da bazara, kuma zai so ya ja guga ya ga ruwan da idonsa.